Masu Bin Sawun Biri Mai Ganga A Kurmin Gashaka

Duk matafiyin da ya taɓa bin hanyar ƙafa wadda ta tashi daga ƙauyen Gashaka, cikin Jihar Taraba, ta nufi kan duwatsun iyakar Kamaru, mai yiwuwa ne ya taɓa jin wani kiɗa yana tasowa daga cikin kurmi da sassafe, kamar ana dukan ganga daga nesa. Baƙo yakan zaci ko wani ƙauye ne a ɓoye ake biki. Amma ɗan ƙasa ya san babu makaɗi a wurin. Wani ƙaton biri ne baƙi marar wutsiya yake dukan saiwar itace da hannu da ƙafa, don ya sanar da 'yan'uwansa inda yake. Saboda wannan kiɗa ne mutanen yankin suka raɗa masa suna biri mai ganga, watau wanda Turawa suke kira cimfanzi.

Jin gangar ba wuya, ganin makaɗin shi ne aiki. Tun daga shekarar 2000 masanan kimiyya daga jami'o'in Turai da na Nijeriya, tare da 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye, suka shafe shekaru suna shiga wannan kurmi rani da damina, suna bin wannan dabba da sauran birai, suna rubuta abin da suke ci, da inda suke kwana, da yadda suke zama da juna. Aiki ne mai cin rai wanda ba ya son gaggawa. Abin da ya sa ya cancanci a ba da labarinsa kuwa shi ne, a duk duniya ba a samun wannan irin biri sai a Nijeriya da Kamaru, kuma lissafin da masana suka fitar cikin 2011 ya nuna waɗanda suka rage ba su wuce tsakanin 3,500 da 9,000 ba. Ana jin kimanin dubu ɗaya daga cikinsu suna gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda shi ne babban mafakarsu a wannan ƙasa.

GANDUN DA YA FI KOWANE GIRMA

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya kuma ratsa jihohin Taraba da Adamawa. Ƙasar Gashaka tana cikin yankin Arewacin Kamaru wanda ya zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961, aka mai da shi Lardin Sardauna. A zamanin tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas aka keɓe dazukan Gashaka da Gumti don kare namun daji, sa'an nan cikin 1991 Gwamnatin Tarayya ta haɗe su wuri guda, ta sa hedkwatarsu a garin Serti.

Sashen arewa, watau Gumti, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi irin wanda aka saba gani a Arewa. Sashen kudu kuwa duwatsu ne da kwazazzabai da kurame masu duhu, inda akan yi ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara, watau fiye da ninki biyu na abin da Kano take samu. A nan ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda tsawonsa ya kai mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a Nijeriya. Daga waɗannan duwatsu ne ƙoramu suke gangarowa su haɗu su zama Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Saboda haka masunci da mai noman fadama da ke can nesa da Gashaka suna da rabo a cikin wannan kurmi, ko sun sani ko ba su sani ba.

Ban da biri mai ganga, akwai gwaggon biri, da kirka, da jan biri, da baƙin biri mai farin hanci, da biri mai roro wanda yake da farin gashi kamar ya yafa mayafi. Tattaruwar waɗannan iri-iri a wuri guda ita ce ta ja hankalin Farfesa Volker Sommer na Jami'ar UCL da ke Landan, ya kafa sansanin bincike cikin 2000 a Kwano, wani kufai da ke tsakiyar kurmi, tafiyar sa'o'i a ƙafa daga ƙauyen Gashaka. Gidan zu na birnin Chester a Ingila ya daɗe yana ɗaukar nauyin aikin.

INDA AKA FARO

Kafin shekarar 1960 yawancin abin da duniya ta sani game da manyan birai daga keji aka samo shi, ko kuwa daga bakin maharba. Ran 14 ga watan Yuli na wannan shekara wata Baturiyar Ingila 'yar shekara 26, Jane Goodall, ta sauka a gaɓar Tafkin Tanganyika, a wani daji da ake kira Gombe. Kada mai karatu ya ɗauka Gomben Modibbo Buba Yero ce. Wannan tana ƙasar Tanzaniya. Ta yi watanni birai suna gudunta da zarar sun hango ta. Kafin shekarar ta ƙare, sai ta ga wani namiji ya tsinko tsinke, ya zura shi a ramin suri, ya zaro shi da gara maƙale, ya suɗe. Daga baya ta ga suna zage ganyen reshe don su gyara shi ya dace da wannan aiki. A lokacin masana da yawa sun ɗauka ɗan Adam ne kaɗai yake ƙera kayan aiki, sai ga biri ya sa an sake lissafi. Wannan baiwar Allah ta rasu ran 1 ga watan Oktoba, 2025, tana da shekara 91, amma aikin da ta fara a Gombe bai tsaya ba.

Wasu suka biyo baya. Cikin 1965 Toshisada Nishida, mutumin Japan, ya fara aiki a duwatsun Mahale na Tanzaniya. Cikin 1967 Dian Fossey, Ba'amurkiya, ta kafa sansanin Karisoke a duwatsun Ruwanda don nazarin gorila. Cikin 1971 Birute Galdikas ta shiga kurmin tsibirin Borniyo na Indunisiya tana bin jan ƙaton birin nan da ake kira orangutan. Cikin 1979 kuma Christophe Boesch da matarsa Hedwige suka shiga kurmin Tai na ƙasar Kodebuwa. Dukkansu darasi ɗaya suka koya, watau mai haƙuri shi ke dafa dutse. A Tai sai da aka yi kimanin shekara biyar ana bin birai kafin su yarda mutum ya zauna kusa da su.

YADDA AKE AIKIN

Matakin farko shi ne sabo. Kullum sai mai bincike ya nemi garke guda, ya tsaya inda za su gan shi, ba ya ɓuya kamar maharbi, ba ya ɗaga murya, ba ya zura musu ido, har ranar da za su ɗauke shi kamar kututture. A farkon zamani an yi ta ba su ayaba da rake don a jawo su, amma aka lura hakan yana haddasa faɗa a tsakaninsu yana kuma canza halinsu, sai aka bari.

Idan sabo ya samu, akan tashi tun kafin asalatu, a kunna tocila a nufi inda garken ya kwana, don a riske su kafin su sauko daga itace. Daga nan sai bi har faɗuwar rana, ko ina suka sa gaba, hawa da gangara, cikin ƙaya da sarƙaƙiya, ga cizon tsando, ga tsoron maciji, ga ruwan sama da kan jiƙa littafi da mai littafin. Akwai hanyoyi biyu na rubutu. Wani lokaci akan zaɓi dabba ɗaya a bi ta, a rubuta duk abin da ta yi da agogo a hannu. Wani lokaci kuma bayan kowane 'yan mintoci da aka ƙayyade akan duba garken baki ɗaya, a rubuta wane yana ci, wane yana hutu, wane yana yi wa wani tsifa. Dole ne mai wannan aiki ya san kowane biri da fuskarsa, da tabon da ke kunnensa, da karayar wutsiyarsa, kamar yadda Bafillace ya san shanunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ba birai kaɗai ake dubawa ba. Akan share wata siririyar hanya miƙaƙƙiya cikin kurmi, a sa wa ɗaruruwan itatuwa lamba, a riƙa zagayawa a kai a kai ana rubuta wanda ya yi toho, da wanda ya yi fure, da wanda 'ya'yansa suka nuna. Akan auna ruwan sama da zafin rana kowace safiya. Da haka ne ake gane dalilin da ya sa garke yake taruwa a wani wata, ya watse a wani, domin ko a wurin dabba ciki shi ke ja gaba.

To, amma biri mai ganga na Gashaka bai taɓa ba da cikakkiyar amana ba. Garken da ke kewayen Kwano, wanda aka ƙiyasta bai wuce kai 35 ba, yakan bari a gan shi na ɗan lokaci ne ya ɓace cikin kwazazzabo. Sai masu bincike suka koma ga dabarar maharba, watau karanta abin da dabba ta bari a baya.

SHAIDAR SHEƘA DA SANDA

Kowace yamma babban biri mai ganga yakan hau itace ya lanƙwasa rassa ya saƙa wa kansa gadon kwana, kamar sheƙar shamuwa, kuma galibi ba ya komawa na jiya. In an ƙidaya waɗannan sheƙuna, aka kuma san tsawon kwanakin da sheƙa take yi kafin ta ruɓe, ana iya lissafa yawan masu su. A cikin sheƙa kuma akan tsinci gashi. Da irin wannan gashi ne Katherine Gonder da John Oates da abokan aikinsu suka auna ƙwayoyin gado, suka bayyana cikin 1997 cewa biri mai ganga na Nijeriya da yammacin Kamaru iri ne na daban, ba ɗaya yake da na sauran ƙasashen Afirka ta Yamma ba.

Shaida ta biyu ita ce kashi. Aiki ne da ba kowa zai so ba, amma akan kwashe shi a kai rafi, a wanke a rariya, a tsince abin da ya rage. A Gashaka an tarar da 'ya'yan itatuwa iri-iri, musamman ɓaure, amma abin da ya ba da mamaki shi ne kawunan kwarkwasa. Cikin kowane kashi goma da aka wanke, kimanin huɗu suna ɗauke da su, kuma rani da damina haka abin yake. Duk wanda kwarkwasa ta taɓa hawa ƙafarsa ya san ba abin wasa ba ce. Dabarar da birin yake yi ita ce ya sami doguwar sanda ya gyara ta, ya tsoma a gidansu, su hau ta da fushi, shi kuma ya zaro ya kai baki tun ba su iso hannunsa ba. An tsinci irin waɗannan sanduna birjik a bakin ramuka, aka auna tsawonsu da kaurinsu. An kuma sami wasu masu kauri da yake haƙa gidan galla da su don ya kai ga zuma, da wasu sirara da yake tsomawa ya lasa.

Har ila yau, a lokacin damina an riƙa samun ganyaye masu kaushi a cikin kashin, lafiyayyu ba a tauna su ba, wani lokaci tare da tsutsar ciki. Masana suna ganin birin yana haɗiye su ne da gangan don su kankare masa hanji. An taɓa ganin makamancin haka a Mahale cikin 1987, inda Michael Huffman da abokin aikinsa ɗan ƙasar, Mohamedi Seifu Kalunde, suka ga wata mace marar lafiya tana ɓare reshen shuwaka tana tsotse ɗacin cikinsa, kashegari kuma ta warware. Kalunde, wanda ya gaji sanin magani daga kakanninsa, shi ne ya faɗa wa Huffman cewa mutanensu da wannan tsiro suke maganin ciwon ciki.

KOWANE TSUNTSU KUKAN GIDANSU

Wani abin lura shi ne abin da ba a samu ba. Akwai suri a dajin Gashaka, amma ba a sami shaidar biri mai ganga na can yana cin gara ba, alhali na Gombe suna kamunta da tsinke. Na kurmin Tai kuwa sun shahara da fasa ƙwallon itace mai tauri: sai su ɗora shi a kan saiwa ko fa, su buga da dutse ko gungume, kuma ɗa yakan yi shekaru yana kallon uwarsa kafin ya iya. Masu haƙar kayan tarihi sun tono duwatsun da aka yi wannan aiki da su a Tai, aka auna shekarunsu suka kai 4,300. A kurmin Ebo na Kamaru, inda 'yan'uwan na Gashaka suke, an tarar suna yin duka biyu, kamun gara da fasa ƙwallo.

Cikin 1999 manyan masu wannan bincike suka haɗa bayanan wurare bakwai na Afirka, suka ƙidaya ɗabi'u 39 waɗanda ake yi a wani daji ba a yi a wani, ba tare da an ga wani dalili na abinci ko yanayin ƙasa ba. Suka ce wannan al'ada ce, watau abin da ƙarami yake koya daga babba. Ma'anar wannan kuwa tana da nauyi. In aka kashe garken wani daji, ko da akwai irinsa a wani wuri, sanin da ya gada ya tafi ke nan, kamar a ce garin maƙera ya watse babu wanda ya koyi ƙira.

MAGANAR BAƘIN BIRI

Sunan Gashaka ya zaga duniyar masana cikin 2006 saboda baƙin biri mai farin hanci. Wannan biri yana zama ne garke-garke a saman itatuwa, namiji ɗaya da mata da 'ya'ya, kuma yana da abokan gaba biyu: damisa daga ƙasa, da wata ƙatuwar gaggafa mai tukku daga sama. Kate Arnold da Klaus Zuberbühler na Jami'ar St Andrews a Sikotilan suka riƙa ɓoye lasifika a cikin daji suna sa gurnanin damisa ko kukan gaggafa, suna ɗaukar amsar da namijin yake bayarwa. Suka tarar yana da kuka iri biyu. Ɗaya yana fita kamar "fiyau", galibi in abin tsoron yana ƙasa. Ɗaya kuma kamar "hak", in gaggafa ce.

Abin da ya fi jan hankali shi ne, wani lokaci namijin yakan jera "fiyau" ɗaya zuwa uku, ya biyo da "hak" har zuwa huɗu. Duk sa'ad da ya yi haka, sai matan su kwashi 'ya'yansu garke ya tashi ya yi gaba, ko da babu damisa babu gaggafa. Da aka sa musu wannan jerin a lasifika, sai suka yi tafiya mai nisa fiye da yadda suke yi in sun ji kuka iri ɗaya. Ashe haɗa sauti biyu ya haifar da ma'ana ta uku, watau a tashi a tafi. Masana harshe sun yi ta muhawara a kan wannan, domin ana ɗauka haɗa sauti don fitar da sabuwar ma'ana baiwa ce ta ɗan Adam kaɗai.

GWAGGON BIRI DA GONA DA ƊINYA

Manomin Gashaka ba ya bukatar Bature ya gaya masa halin gwaggon biri, don shi ne yake kwana a bukkar gona yana gadin masara. Masu bincike, musamman na Jami'ar Roehampton a ƙarƙashin Dokta Caroline Ross, sun saba da garke biyu: ɗaya a kurmin Kwano wanda ba ya ganin gona, ɗaya kuma kusa da ƙauyen Gashaka wanda yake ɓarnar masara da rogo. Da aka gwada su shekara da shekaru, sai aka ga matan garken da ke shiga gona sun fi saurin haihuwa da watanni da dama, 'ya'yansu kuma sun fi rayuwa. Wannan ya tabbatar da kukan manomi, cewa guminsa ne yake ƙara yawan ɓarayinsa, ya kuma nuna duk wani shiri na kare daji wanda bai dubi asarar manomi ba, ba zai sami goyon bayan jama'a ba.

A cikin waɗannan garke biyu ne James Higham da abokan aikinsa suka lura da wani abu game da ɗinya, suka bayyana shi cikin 2007. Macen gwaggon biri in ta shirya ɗaukar ciki bayanta yakan kumbura ya yi ja, maza su gane. Amma a watannin da ɗinya ta nuna suka duƙufa cin ta, da lokacin da suke cin ɗinkin, watau tohon ganyenta, sai kumburin ya ɗauke, ɗaukar ciki ya tsaya. Da aka auna kashinsu sai aka sami wani sinadari mai kama da wanda jikin mace yake fitarwa lokacin goyon ciki ya yi yawa ƙwarai. Wannan bincike a kan birai aka yi shi, ba a kan mutane ba. Amma ya nuna yadda itacen da yara suke jifa a bayan gari yake iya tsara lokacin haihuwar dabba a daji.

MAI SHUKA BA DA FARTANYA BA

Hausawa sun san biri da ɓarna, amma a kurmi shi ne babban mai shuka. Yawancin itatuwan kurmi ba iska ce take yaɗa irinsu ba, dabba ce take cin ɗan itacen ta kai ƙwallon wani wuri. Irin da ya faɗo a gindin uwarsa ba safai yake tsira ba, saboda inuwa da ƙwari. Biri mai ganga yakan haɗiye manyan ƙwallaye waɗanda babu tsuntsun da zai iya, ya je ya zubar da su nesa tare da takinsu. A kurmin Ngel Nyaki da ke kan tsaunin Mambila, Dokta Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a ƙasar Niyu Zilan, tare da ɗalibai daga jami'o'in Taraba da Gombe, sun yi shekaru suna bin diddigin wannan, suna shuka irin da aka tsinto daga kashin birai don su ga yadda yake tsirowa. Ngel Nyaki ɗan kurmi ne da ciyawa ta kewaye, biran ganga da ke cikinsa kuwa 'yan ƙalilan ne. In suka ƙare, manyan itatuwa za su ci gaba da tsayuwa har su tsufa, amma da wuya a sami na bayansu. In kurmi ya tafi kuwa, ƙasar kan dutse takan zaizaye, ƙorama ta yi ambaliya da damina ta ƙafe da rani.

HATSARIN DA KE CIKI

Biri ya yi kama da mutum, in ji masu iya magana, kuma wannan kama ita ce take sa cuta ta ƙetara tsakaninsu. Cikin 1966 shan inna ta shiga biran Gombe ta kashe wasu ta nakasa wasu. A Tai an yi ta samun annobar mura mai kisa, har bincike ya tabbatar cikin 2008 cewa ƙwayoyin cutar daga mutane suka fito. Cikin 1994 kuma wata mai bincike 'yar ƙasar Suwizalan ta kamu da wani nau'in cutar Ebola bayan ta feɗe gawar wani biri a Tai, Allah ya yi da sauran kwananta. Shi ya sa aka kafa dokoki: a bar tazarar aƙalla mita bakwai, a rufe hanci da baki, mai mura ya zauna a sansani.

Akwai kuma wata damuwa. Birin da ya saba da mutum ya daina gudun mutum, to, ranar da mai littafi ya tafi mai bindiga ya zo fa? Saboda haka duk wanda ya sa garke ya saba da shi ya ɗauki amanar da ba a ajiyewa. Amma binciken nan na Tai ya nuna alamun farauta sun fi ƙaranci, birai kuma sun fi yawa, a kusa da sansanin masu bincike, domin maharbi ba ya son inda ake zirga-zirga kullum. Dian Fossey ta rasa ranta a sansaninta cikin watan Disamba na 1985, bayan ta daɗe tana faɗa da masu farauta. A lokacin gorilan duwatsun Birunga ba su kai 300 ba. Ƙidayar da aka bayyana cikin 2018 ta nuna irinsu baki ɗaya sun haura dubu.

A Gashaka, kasancewar yawancin mazauna Musulmi ne waɗanda ba sa cin naman biri ya daɗe yana yi wa waɗannan dabbobi garkuwa. Amma akwai maharba masu zuwa daga nesa don cinikin naman daji, ga masu ɗana tarkon waya, ga wutar daji da ake cinnawa don sabuwar ciyawa tana cin gefen kurmi kowace shekara, ga masu haƙar ma'adinai, sa'an nan cikin shekarun 2010 aka yi rububin sarar madobiya a Jihar Taraba ana kai wa ƙasar Sin. Macen biri mai ganga ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara 13, kuma tsakanin ɗa da ɗa shekara biyar ne ko shida. Harsashi ɗaya yana iya share abin da shekara ashirin ba za ta mayar ba. Cikin 2017 Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors don a ƙarfafa tsaron gandun, da horar da masu gadi, da tallafa wa ƙauyukan da ke ciki da kewaye.

'YAN ƘASA SU NE GINSHIƘI

Sunayen Turawa ne suka fi fitowa a littattafai, amma duk wanda ya san aikin ya san wanda yake gaba a hanyar kurmi. Ɗan ƙauye ne yake jin karayar reshe ya ce ga inda suka bi, shi ne ya san sunan kowane itace da watan da yake nuna, shi ne kuma yake ci gaba da rubutu in ɗalibi ya koma jami'arsa. An ga haka ƙarara a Gombe cikin watan Mayu na 1975, sa'ad da 'yan tawaye daga Zayar suka ƙetaro tafki suka sace ɗalibai huɗu. Baƙi suka watse, ma'aikata 'yan Tanzaniya suka riƙe aikin, suna rubuta rahoto da harshen Suwahili, tarihin garken bai yanke ba. A Gashaka ma wasu daga cikin mataimakan tsofaffin maharba ne waɗanda suka ajiye bindiga suka ɗauki alƙalami.

Ɗaliban Nijeriya da dama sun yi digiri na biyu da na uku da abin da suka tattara a Kwano da Ngel Nyaki, kuma da hannunsu a babban littafin nan mai suna Primates of Gashaka da aka buga cikin 2011. A Kudu kuma, Dokta Inaoyom Imong ya sami lambar yabo ta Whitley cikin 2015 saboda aikinsa a kan gorilan Kuros Riba, waɗanda ba su kai 300 ba a duniya, Rachel Ikemeh ita ma ta samu cikin 2020. Wannan ya nuna aikin ba ya fi ƙarfin ɗan ƙasa ba ne. Abin da ake bukata shi ne jami'o'inmu da gwamnatocin jihohi su ware kuɗin da zai riƙe ɗalibi a daji shekara da shekaru, maimakon a zauna ana jiran abin da zai zo daga ƙetare, wanda in ya yanke sansani yakan koma kufai.

Har yanzu ba a gama sanin biri mai ganga na Gashaka ba, kuma saninsa yana bukatar lokaci, shi kuwa gatari ba ya jira. Yaran Serti da Gembu da Jalingo suna da haƙƙin su girma su ji wannan ganga da kunnensu, ba a ba su labarinta ba. Allah ya sa hukuma da sarakuna da talakawa su riƙe wannan amana.